Kwana 120 Tsakanin Fursuna da Dokin Daji

Dokin da ake miƙa wa fursuna a gonar gidan yarin Carson City, babban birnin jihar Nebada ta Amurka, bai san turke ba, bai san ragama ba, bai taɓa cin dusa daga hannun kowa ba. A daji aka haife shi, cikin busassun kwaruruka da duwatsun yammacin ƙasar, ya shekara uku ko huɗu ko fiye yana bin garke. Ɗan sanin da ya yi wa mutum babu daɗi a cikinsa: rugugin jirgi mai saukar ungulu da ya koro su cikin tarko, doguwar tafiya a bayan mota, da matsattsen lungun ƙarfe inda aka tsira masa allurai, aka dandaƙe shi in namiji ne, aka buga masa shaida a wuya. Wanda za a ba shi kuwa, sau da yawa ɗan birni ne daga Las Vegas ko Reno, bai taɓa riƙe linzami ba kafin ɗauri ya kawo shi nan. Cikin kwana 120 ko kusa da haka ake so ya mai da wannan dabba dokin da baƙo zai saya, ya ɗaura wa sirdi, ya hau, ya sauka lafiya. Tun shekarar 2000 ake wannan aiki a Carson City.

Dawakin nan, da Amurkawa ke kira mustang, jikokin dawakin gida ne. Sifaniyawa suka ƙetaro teku da kakanninsu a ƙarni na 16, wasu suka tsinke suka shiga daji, daga baya na makiyaya da na soja suka bi su suka gauraya. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce farautarsu ake yi ana kai su mayanka don abincin karnuka, har wata mata 'yar Nebada, Velma Johnston, ta ga mota shaƙe da su jini na ɗiga a titi a 1950, ta ɗaura ɗamarar yaƙi da sana'ar. Gwagwarmayarta ce ta kai ga dokar da Shugaba Nixon ya sa wa hannu a Disambar 1971, wadda ta ɗora kiyaye su a wuyan gwamnatin tarayya. Kariyar ta yi aiki har ta haifi wata matsala, domin garken da ba mai taɓa shi yana ninka kansa cikin shekara huɗu ko biyar. Hukumar kula da filayen tarayya, BLM, ta ce ciyawa da ruwan filayen na ɗaukar dawaki da jakunan daji kimanin 27,000 ne kawai, alhali a ƙiyasinta na 2024 sun haura 70,000, kusan rabinsu a Nebada. Shi ya sa ake kamo su dubu-dubu a tsare a shinge ana ciyarwa, ana neman mai ɗauka. Masu kare haƙƙin dabbobi ba su daina sukar korar da jirgi ba, kuma suna da hujja, don ana samun karaya da mutuwa a ciki. Amma wanda aka riga aka kamo, matsalarsa ɗaya ce: ba kowa ke son dabbar da ba ta taɓuwa ba.

A ɗaya gefen kuma ga gidajen yari cike da majiya ƙarfi da lokaci ya yi wa yawa. A Amurka kowace jiha da nata gidajen yarin, ban da na tarayya, kuma akasarin ɗaurarrun ƙasar a hannun jihohi suke. Aƙalla 95 cikin 100 nasu za su fito wata rana. Wani bincike da ma'aikatar shari'ar ƙasar ta yi a kan waɗanda aka saka a jihohi 30 a 2005 ya nuna kusan 68 cikin 100 an sake kama su kafin a cika shekara uku. Zaman kaso zaman jira ne: a ƙirga mutum da safe, a ƙirga shi da yamma, tsakani kuma karta da talabijin da kai-kawo a tsakar gida, sai ƙananan rigingimu a kan abin da bai kai ya kawo ba. Jihar Kolorado ce ta fara haɗa dawakin da fursunonin wuri guda, a Cañon City a 1986. Wyoming ta biyo baya a gonar fursunoninta ta Riverton a 1988, sannan Nebada da Kansas da Arizona.

Ba a ranar da mutum ya shiga shirin ake ba shi doki ba. Shebur da baro ake fara damƙa masa. Ya kwashe kashin dawaki, ya raba busasshiyar ciyawa, ya wanke kwamin ruwa, ko ana zafi ko ana ƙanƙara. A ido bauta ce, amma mai kwasar kashi yana wuni cikin dawaki, idonsa na koyon karatu. Kunnuwa biyu a miƙe gaba, doki na sauraron wani abu can nesa. Kunne ɗaya ya juyo wajenka, ya san da kai, auna ka yake yi. Su kwanta su manne da wuya, ja jikinka, cizo ko harbi na tafe. Yana kuma ganin yadda babbar goɗiya ke tafiyar da 'yan uwanta ba hayaniya: ta kalli ƙarami, in bai matsa ba ta kwantar da kunne, in bai matsa ba ta miƙa wuya, sai a ƙarshe haƙori. Da ya matsa magana ta ƙare, ta koma cin ciyawarta, ba ta riƙe shi a zuci. Farawa da sauƙi, ƙarawa da kaɗan-kaɗan, da dainawa nan take: abin da za a nemi mutumin ya kwaikwaya ke nan.

Filin horon kewayayye ne, faɗinsa kamar mita 15 zuwa 18, ƙasan yashi, shingensa na ƙarfe mai tsayin ƙafa shida aƙalla, don firgitaccen dokin daji yakan gwada tsallake abin da bai kai haka ba. An yi shi zagaye ne don gudun kusurwa. Doki in ya sami kusurwa sai ya cusa kai ciki ya juyo maka da ƙafafun baya. In babu ita, duk gudun da zai yi kewaya ka zai yi, bai yi nisa ba, bai kuma ji an rutsa shi ba. Kayan aikin ranar farko ba su taka kara sun karya ba: igiya a naɗe, da sanda mai ƙyalle a ƙarshenta, wadda aikinta ƙara wa hannu tsawo ne.

Abin da mai horo ke fara koyo shi ne inda zai tsaya. Idanun doki a gefen kai suke, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi ba sai ya waiga ba, in ban da wuri biyu: daf da goshinsa, da bayan wutsiyarsa. Duk abin da ya ɓullo masa ta nan, a wajensa mafarauci ne. Sai kuma wani layi da ba a gani, wanda ya sauko daga bayan kafaɗarsa zuwa ƙasa, daidai inda majayi zai zauna nan gaba. Ka tsaya bayan layin kana fuskantar cinyarsa, sai ya yi gaba. Ka taka zuwa gaban layin, sai ya rage gudu ko ya juya. Ka tunkare shi da faɗin ƙirji kana kallon ƙwayar idonsa, kora ce. Ka karkata kafaɗa, ka sauke ido, ka ja da baya taki ɗaya, kira ne. Da wannan kaɗai, ba igiya a jikinta, mutum na sa dabba mai nauyin kilo 400 ta tafi dama, ta juyo hagu, ta tsaya.

Doki ba ya koyo daga matsin da aka yi masa, daga ɗauke matsin yake koyo, kuma sana'ar duka a kan wannan ta rataya. Matsi a nan duk abin da ke damunsa ne: takun mutum zuwa wajensa, kallo, kaɗa ƙyalle, jan igiya. In an matsa masa sai ya shiga neman mafita. Ya gwada gudu, matsin na nan. Ya juya baya, yana nan. Ya yi tabarya, yana nan. Can sai ya tsaya ya juyo da fuska wajen mutumin, ko da na ƙiftawar ido ne. A daidai lokacin mai horo zai kau da jiki, ya ja baya, ya bar shi ya huta. Abin da dokin ke yi sa'ad da sauƙi ya zo masa, shi zai riƙe a matsayin amsa. Saboda haka jinkirin daƙiƙa biyu ko uku ɓarna ne: in ya juyo ba ka saki ba, sai da ya kau da kai sannan ka saki, to kau da kai ka koya masa. In kuma ya zabura ka tsorata ka ja baya, ka sanar da shi cewa zabura ce ke korar mutum, gobe zai ƙara. Ba ya rarrabe darasin da ka yi niyya da wanda ya kuɓuce maka, duka biyun haddace su yake yi.

In abu ya fara shiga, jikinsa ne ke faɗa. Kunnen da ke ɓangaren mutumin ya tsaya a kansa, kewayen da yake yi ya fara tsukewa, wuya ya sauko, ya fesar da numfashi ta hanci, ya kama lasar leɓe yana tauna ba komai a baki. Lasar nan alamar saukowa ce daga firgici, bakin da ya bushe ne ya sake samun yawu. Gwani in ya ga haka ba ya ƙara komai. Yakan tsaya cik minti ɗaya ko biyu, hannu a sake. Wanda ya hango shi daga tsakar gida zai ce tsayuwa kawai yake yi, alhali shi yana tsakiyar aiki ne. Wani lokaci ma nan ake tashi daga darasin ranar, bayan minti ashirin kacal, don a rabu a kan daidai.

Taɓawar farko kan zo wa wani doki cikin kwana biyu, wani kuma sai an yi makonni. Ba a miƙa hannu zuwa fuska yadda ɗan koyo ke ɗokin yi. Da doguwar sanda ake somawa, wasu gora suke amfani da ita, a ɗora ƙarshenta a tudun nan da wuya ya haɗu da gadon baya, a riƙa susa. Da sani aka zaɓi wurin: nan dawaki ke susar juna da haƙori in suna shiri. In ya gudu, a bi shi a hankali sandar na jikinsa, ya tsaya, a ɗauke. Kullum hannu na ƙara matsowa a jikin sandar har ranar da yatsu za su maye gurbin itace. Sannan a koma ɗaya gefen a faro daga farko, domin abin da doki ya yarda da shi ta idon hagu, in ya gan shi ta dama sau da yawa baƙon abu ne. A nan mai horo kan fara shafa shaidar nan ta wuya. Ba da wuta ake yin ta ba: ƙarfe ake tsomawa cikin ruwan naitirojin mai tsananin sanyi, a danna a gefen hagu na wuya, gashin wurin ya fito fari. 'Yan layuka ne da kusurwoyi da ke nuna shekarar haihuwarsa da lambarsa a rajistar gwamnati. Masu horon ma lambobi gare su, ba sai an tuna musu ba.

Bayan taɓawa sai a sa masa ragama. Ragamar ta siririyar igiya ce mai ƙulle-ƙulle, don siririya ce ke isar da saƙo a fili: in doki ya jingina da ita ya ji, in ya bi ta ya daina ji. Ana ɗaura mata igiyar ja mai tsawon kamar mita huɗu. Ɗan koyo zai tsaya a gaba ya ja, dokin ya kafe ya ja baya, don halittarsa ce ya yi gardama da duk abin da ya ja shi, kuma ba ƙaton da zai rinjayi doki a ja-in-ja. Gwani gefe yake komawa. Ya tattaro igiyar a hankali har ta miƙe, ya riƙe haka, bai ƙara ba bai rage ba. Jan gefe na hana doki daidaita tsayuwa, dole ya ɗaga ƙafar gaba ya gyara. Da ƙafar ta motsa, yatsu su buɗe. An sami taki ɗaya ke nan. A kwana a tashi hannun kan zama irin na masunci mai fatsa, wanda ke jin abin da ke faruwa a ƙarshen zare tun ido bai gani ba: mai horo ya ji nauyin dokin ya soma karkatowa, ya sakar masa tun kofato bai bar ƙasa ba. Daga nan sai kau da ƙugu, wato a matsa wa cinyarsa har ƙafar baya ɗaya ta gitta gaban ɗayar. Gudu da harbi da tutsu duk daga baya suke tasowa, don haka dokin da ke gitta ƙafafun baya in an nema, an sami birkinsa.

Kama ƙafa ya fi hawa wuya a wajen wasu dawakin. Dabbar da gudu ne tsiranta, ka ce ta ba ka ƙafa ɗaya ta tsaya a kan uku, ai ranta ka roƙa. Da igiya mai laushi ake farawa, a zagaya ta saman kofato, mutum na tsaye inda harbi ba zai kai ba. A ɗan ja, ya ɗaga, a saki. Bayan kwanaki sai hannu ya gangaro daga kafaɗa zuwa gwiwa zuwa ƙasa, mutum na manne da jikin dokin yana fuskantar wutsiya, don harbin nesa ya fi na kusa illa. Daƙiƙa ɗaya a sama, ka ajiye masa ƙafar da kanka kafin ya ƙwace. Ba makawa sai an yi wannan, domin a daji duwatsu ne ke cinye masa kofato daidai da tsirowarsa, a shinge kuwa sai an yanke, duk mako shida zuwa takwas. Nan fursuna ke sanin ƙugiyar sakace kofato, da awartakin yanka, da magagari, da kiyaye tsokar nan mai taushi da ke tsakiyar tafin.

Sai a shiga sabar masa da abubuwan tsoro: leda mai ƙara, tamfol a shimfiɗe a ƙasa, rigar ruwa ana kaɗawa, igiya ana wurgawa ta bayansa tana naɗe ƙafafu. A nan ƙa'idar juyewa take yi, kuma nan 'yan koyo ke rikicewa. Ɗazu ana matsawa ne har ya motsa, yanzu ana ci gaba da kaɗawa ne har ya tsaya. Daga jikin mutumin kaɗai dokin zai gane wanne ake nufi. In motsi ake so, jiki a miƙe, ido a kansa. In tsayuwa ake so, kafaɗa a sake, gwiwa a ɗan lanƙwashe, numfashi a hankali. Wanda cikinsa ke tafasa ba zai iya ba ko ya ɓoye a fuska, don doki na ganin taurin kafaɗa da saurin taki. A tsakar gidan yari ɗaure fuska da buɗa ƙirji su ne kariya, wanda ya nuna laushi ya zama nama. Wanda ya shigo fili da wannan ɗabi'a sai ya tarar dokinsa ya manne da shinge ya ƙi juyowa. Wanda kuma ya fusata ya fizgi igiya ya rusa aikin mako guda, ba alƙali ba gandiroba da zai ɗora wa laifi, gobe shi zai dawo ya sake ginawa. Shi ya sa ƙa'idar masu horo ita ce, in ranka ya ɓaci rataye igiya ka fita ka sha iska. Aikin kuma ba na wasa ba ne: ana shan harbi, ana take mutum, ana karya haƙarƙari.

Sirdinsu irin na makiyayan yammacin Amurka ne, mai ƙaho a gaba don ɗaure igiyar kama shanu, nauyinsa kan kai kilo 15 ko fiye. Kafin shi, igiya ake zagayawa a ƙirjin doki bayan ƙafafun gaba, a matse a saki, a matse a saki. Sai bargon da ke zama ƙarƙashin sirdi, a ɗora a sauke ta kowane gefe har ya daina kula. Ranar sirdi ana naɗe likkafar dama da majayi a kan mazauni don kada su faɗo su buge shi. Majayi ba a tsuke shi lokaci guda: a ja kaɗan, a tafi da dokin 'yan taki, a ƙara. Amma kada a bar shi sako-sako, don mafi munin abin da zai faru ranar shi ne sirdi ya zame ya koma ƙarƙashin ciki doki na gudu, wanda hakan ta sama yakan daɗe bai manta ba. In an gama sai a kore shi ya kewaya. Da yawa sukan yi tutsu, su dunƙule baya su yi ta tsalle, kuma ba a hana su. Ana barinsa ya gano da kansa cewa abin ba ya faɗuwa, ba ya kuma cizo.

Wanda ya saba ganin linzamin hawan salla, mai nauyi, da ke sa ingarma zamiya a gaban sarki, zai raina nasu. Siririn ƙarfe ne mai gaɓa a tsakiya da zobe a kowane gefe, yana zama a gurbin da ba haƙori, tsakanin haƙoran gaba da turame. Wasu ma da ragama kaɗai suke hawan farko. A ganina aikinsu ne daban. Namu na mahayin da ya tashi a barga ne, ya san nauyin hannunsa. Su kuwa suna shirya doki ne don hannun da ba su sani ba, wataƙila na yarinya 'yar shekara sha biyar, kuma bakin da aka kashe da ƙarfe mai tsanani da wuya ya dawo. Tun daga ƙasa ake koya masa lanƙwasa wuya: a ja igiyar linzami ɗaya, ya kawo hanci wajen haƙarƙari, a saki. In ya kwashi mahayi a guje ba a jan duka biyu, ɗaya ake ja a lanƙwaso kai, ƙafafun baya su gitta, gudu ya mutu.

Hawan farko gunduwa-gunduwa ake yin sa. A sa ƙafa a likkafa, a cire. A ɗan yi tsalle a gefensa. A miƙe a kan likkafa ɗaya, a sauka. A kwanta da ciki a kan sirdi, hannu na shafa ɗaya gefen, don idon can ma ya ga mutum a samansa. Sannan ƙafa ta haura ba ta taɓa ƙugu ba, a zauna a hankali, a sauka tun bai yanke shawarar komai ba. Sau da yawa wani fursuna na kan tsohon doki natsattse yana riƙe da igiyar, ko yana ƙasa da ƙyalle yana sa dokin tafiya, na sama zama kawai ne nasa. Mutum biyun da wataƙila a tsakar gida launin fata ya hana su zama a benci ɗaya, a nan ɗaya ya damƙa wuyansa a hannun ɗaya. In hawan farko ya zama abin kallo, to an tsallake wani mataki a baya. Wanda ya yi kyau, mai kallo hamma zai yi.

Sauran watannin maimaici ne: tafiya, sassarfa, sukuwa, tsayawa, ja da baya, buɗe ƙofar shinge daga kan sirdi, jan gungume da igiya, wasu har da bin shanu, da shiga akwatin ƙarfen da mota ke ja, wanda a idon doki kogo ne mai duhu. Sai matakin da ya fi ɗaci, a ba wani ya hau. Dokin da ya yarda da mutum ɗaya tak ba a gama horar da shi ba, tun da ba da wannan mutumin zai tafi ba.

Sau uku ko huɗu a shekara ake buɗe ƙofar gonar ranar Asabar, jama'a su shigo gwanjo. Ana gargaɗin baƙi kada su sa shuɗin kaya, don shi ne na fursunonin. Masu saye kan zagaya tun da safe suna tambaya, kuma ranar nan fursuna ne ya fi kowa sani a wurin: me ke firgita dokin, wace ƙafa ce ba ya son bayarwa, yaya yake da majayi. Sai kowa ya hau nasa ya nuna, wani ya miƙe tsaye a kan sirdi don a ga natsuwa. Ana buɗe tayi daga dala 150, amma da yawa a dubbai suke tashi. Makiyaya na saye, da masu yawon duwatsu, har da hukumar tsaron iyakar Amurka, wadda ta gano cewa ƙafar da ta girma a kan dutse ita ce ta sintiri inda mota ba ta shiga. Wanda tayinsa ya ci ba nan take yake zama mai doki ba. Dabbar ta gwamnati ce har shekara ta zagayo, a tabbatar ana kula da ita, sannan a ba shi takardar mallaka.

Hukumomi na cewa waɗanda suka bi ta irin wannan shiri ba su cika komawa kaso ba. Na yarda da gaskiya a ciki, amma a tuna tun farko daga sashe mai sassauci aka zaɓo su, masu kyakkyawar shaida a wajen gandirobobi, don haka ba duka ladan ne na doki ba. Gurbin ma kaɗan ne, 'yan gommai a jihar da ke tsare da mutum fiye da 10,000. Wanda ya fito kuma yana da abin da zai tarar wanda doki bai shirya masa ba: takardar neman aiki mai tambayar ko an taɓa ɗaure ka, mai gidan haya da ke bincike, jami'in da ke sa ido a kan wanda aka saka bisa sharaɗi. Akasarinsu birni suke komawa, inda babu barga. Waɗanda suka tsaya a harkar kuwa, gyaran kofato da hawan ɗanyun dawaki ne suka fi ba su abinci. Kayan gyaran kofato jaka ɗaya ke ɗauka, ba sai da shago ba, kuma kowane doki na dawowa kafin wata biyu. Mai barga da ke neman ma'aikaci ba ya yawan dogon bincike: fito da dabbar yake yi, ya miƙa igiya, ya jingina da shinge ya ga ta wane gefe mutumin zai tunkare ta, da kuma lokacin da zai saki.